Zabron, Mai Ajiye Mota a Gangare

Duk wanda ya san ƙauyen Ihanga ya san gidan Zabron Mligo, don shi ne na ƙarshe a kan tudu, daga shi sai itatuwan katako da hazo. Lokacin da ya zaɓi wurin, yana sabon aure, mutane sun ce masa ruwa na da nisa, iska ta yi yawa, matarsa za ta sha hawa da bokiti a ka. Ya ce ya ji. Abin da bai faɗa musu ba shi ne, ba kyan wurin ya ja shi ba. Daga ƙofar gidan hanya take sauka santal har gadar rafi, kuma mai motar da yake da irin wannan gangare a ƙofar gidansa ba ya roƙon kowa da safe. A lokacin ko keke ba shi da shi. Amma ya san wata rana zai yi mota, ya kuma san ba sabuwa za ta zama ba.

Da lodin katako ya fara, yana saurayi, a bayan wata tsohuwar babbar mota da ke kai kaya Makambako. Kik ɗin motar, wato abin da ke tayar da injin in an murɗa makulli, ya lalace tun kafin Zabron ya zo, mai ita kuma bai ga dalilin gyarawa ba. A wurinsa Zabron ya koyi tuƙi, kuma darasin farko ba na sitiyari ba ne. Ka ajiye mota hancinta na kallon ƙasa, ka sa dutse a gaban taya. In za ka tafi ka cire dutsen, ka murɗa makulli, ka taka kuloci, ka sa giya ta biyu, ka saki birki. Ka bar ta ta ɗauki gudu, sannan ka ɗaga ƙafa. Za ta yi tari sau ɗaya, ta girgiza, ta tashi.

Yau Zabron ya doshi sittin, yana da farar akori-kura da yake kai dankalin turawa da fiya kasuwar Njombe. Babu gangaren da bai sani ba a yankin. A kasuwa yana ajiye motar bayan rumfunan dankali, inda ƙasa ta ɗan karkata zuwa kwata. A coci yana ajiye ta gefen maƙabarta. A asibiti sai ya sauke maras lafiya a bakin ƙofa, ya haura sama wajen tankin ruwa ya tsaya. 'Yan kasuwa Mzee Gangare suke ce masa, wato Dattijo Gangare, shi kuwa amsawa yake yi da fara'a. Abin da yake alfahari da shi a duniya guda ne, kuma ba ya gajiya da faɗa: tunda ya fara riƙe sitiyari, hannun ɗan Adam bai taɓa tura motarsa ba.

Wannan hali ya sa ya daina sanin lafiyar batirinsa. Mutumin da ba ya murɗa kik ba zai ji ranar da kik ya fara jan ƙafa ba. Batirin ya shiga shekara ta shida, Zabron kuwa yana lallaɓa shi irin lallaɓar da ya ga ta dace. A watan Yuni da Yuli, in sanyi ya sauko har ciyawa ta kwana da farin raɓa mai ƙanƙara, sai ya kwance shi da yamma ya shiga da shi ɗaki, ya rufa masa bargo. Ranar Lahadi kuma, in babu wuta, mawaƙan coci su aiko a ɗauka su haɗa da fiyanonsu. In an yi rasuwa, shi ne mai kunna lasifika. Batirin ya halarci jana'iza da biki fiye da wasu dattawan garin.

Matarsa Enelesi, wadda kowa ke kira Maman Tulizo, ta daɗe da daina magana a kan batun. Ɗansu Tulizo ne ya tayar da shi. Malamin gona ne, an tura shi aiki Ubaruku, can ƙasa a filin shinkafa, a can kuma ya ga wata yarinya mai suna Sekela, 'yar wani babban manomi, Mzee Mwaipopo. An yi tambaya, an yi bincike, aka sa wata Asabar da dangin Zabron za su kai kayan aure. Mwaipopo bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi sai ya ga uban yaron da idonsa.

Tulizo ya zo gida ana saura 'yan kwanaki, ya sami ubansa yana goge motar.

"Baba, ina da magana, amma kada ka yi fushi."

"Wanda zai ce kada a yi fushi ya riga ya san abin da ya ɗauko. Faɗi."

"Batirin nan. A canza shi kafin Asabar. Can babu tudu."

Zabron ya miƙe, ya matse tsumman hannunsa. "Babu tudu kamar yaya?"

"Babu, Baba. Ko ɗaya. In ka zubar da ruwa a ƙasa, nan zai tsaya yana kallonka."

"Kai dai ba ka iya nema ba ne. Allah bai yi ƙasar da ba ta karkata wani wuri ba. In ba haka ba ina ruwansu yake zuwa?"

"Shi ya sa suke shinkafa, Baba. Ba ya zuwa ko'ina."

Maman Tulizo tana bakin ƙofa tana ɓare wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban Tulizo, ka je wurin Fundi Kasimu, mai gyaran batir, ya duba. In ya ce lafiya lau, ni da bakina zan ba batirin haƙuri, in ƙara masa bargo na biyu."

Shagon Fundi Kasimu yana bayan tashar Njombe, ɗan ƙarami, cike da batura jere a kan katako da ƙanshin ruwan batir mai shiga hanci. Shi da Zabron sun san juna tun zamanin katako, don haka ba sa ɓata lokaci a gaisuwa. Kasimu ya buɗe bonet, ya leƙa, ya yi fito.

"Mzee Gangare, wannan ai ni na sayar maka, shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara. Yana nan da rai?"

"Garau. Ruwa kawai za ka ƙara masa."

"Murɗa makulli in ji."

Zabron ya murɗa. Injin ya juya a hankali, kamar mai tashi daga barci bai ƙoshi ba, ya juya na biyu, da ƙyar ya kama a na uku.

"Ka ji?" in ji Kasimu.

"Na ji ta tashi."

"Ni kuwa nishi na ji. Zo ka gani." Ya nuna masa farin garin da ya taru a kan batirin kamar an yayyafa gishiri. Ya shafa gefensa, inda ya kumbura ya yi ciki. Ya ce a kashe injin a kunna fitila, fitilar ta fito ja, ba fara ba. Ya ce a danna hon, hon ya yi kuka irin na ɗan akuya da mura. "Batir shekara uku ne zuwa huɗu, in ya yi sa'a biyar. Daga ya wuce uku sai a riƙa kawo shi ana aunawa. Naka kuwa ba tsufa kaɗai ke damunsa ba. Mawaƙan cocinku su ne suka tsotse shi. Na mota ba a yi shi don a zuƙe shi ƙaf ba, nasa shi ne ya ba da ƙarfi gaba ɗaya na ɗan lokaci, injin ya mayar masa. Ku kuwa kuna kai shi ƙasa duk Lahadi, har da amshi."

"Aikin Allah yake yi."

"To, Allah ya ba shi lada, amma ya gama na duniya. Ga sabo nan daidai motarka."

Zabron ya dubi sabon, ya dubi nasa. Ba kuɗin ne ya tsaya masa a rai ba, dankali ya yi kyau bana. Abin da ya tsaya masa shi ne a ce ya yar da abin da bai taɓa ba shi kunya ba. Ya ce, "Wanke masa kai, ka ƙara ruwa, ka sa shi a caji."

"Zan sa. Amma caji ga irin wannan kamar shayi ne ga tsoho. Zai tashi zaune ya yi hira, ba zai je gona ba. Ina za ka da shi?"

"Ubaruku."

Kasimu ya ajiye sifana, ya riƙe ƙugu. "Ubaruku? Kai da ba ka iya tsayuwa a fili ba? Mzee, in za ka, ka ɗauki gangarenka a bayan mota."

Da yamma Zabron ya dawo ya karɓi batirin, aka ɗaura, ya murɗa, ta tashi bugu ɗaya. Ya kalli Kasimu ta taga, ya ja mota yana murmushi. A gida ma ya maimaita sau biyu a gaban Maman Tulizo don ta shaida.

Ranar Juma'a wata tsohuwa ta rasu a ƙasan gari. Aka aiko neman batir don lasifika. Ba a hana gidan makoki abu a Ihanga, Zabron kuma bai ma yi tunanin hanawa ba. Aka yi waƙoƙi da shi har rana ta faɗi, aka dawo masa da shi da godiya.

Da safiyar Asabar aka loda kaya: barguna sababbi na iyayen amarya, fartanya, turamen atamfa na gwaggonni, buhun dankali mafi kyau, kwandon fiya. Maman Tulizo ta shiga gaba, tare da Obadia Nyagawa, dattijon coci, wanda zai yi magana da yawun dangin ango, don uba ba ya buɗe baki a irin wannan zama sai an tambaye shi. Tulizo da wasu dangi suka hau baya. Zabron ya cire dutse, ya saki birki yadda ya saba, motar ta tashi kafin gada. Ko kusa da kik bai je ba.

Suka wuce Makambako, suka juya yamma. Hanya ta yi ta sauka, mutanen baya suka fara cire rigunan sanyi. Dab da Igawa, a wani ɗan gangare da ya ga kamar shi ne na ƙarshe, Zabron ya tsaya don a sha ruwa. Da za su tashi ya ce, "Maman Tulizo, saurara ki ji abin da ake cewa ya mutu." Ya murɗa makulli.

Tak. Tak-tak-tak.

Obadia ya sami wani abin kallo a cikin hularsa. Zabron ya saki birki a hankali, motar ta gangara, ta yi tarinta, ta tashi.

"Na ji," in ji Maman Tulizo. "Murya mai daɗi."

"Ba za a kashe ta ba sai mun dawo nan," Zabron ya ce. "Akwai mai. Shi ke nan."

Daga Rujewa ƙasa ta kwanta. Zabron bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya sha wucewa ta babbar hanya, amma bai taɓa shigowa ciki ba. Gonakin shinkafa ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, magudanan ruwa a miƙe kamar an ja su da zare, ko jiɓar gara babu. Yana tuƙi yana waige. Ya ga wani ɗan tsibin buntun shinkafa a bayan injin casa, ya rage gudu ya auna shi da ido, ya ga taya za ta nutse. Ya zagaya unguwar su Mwaipopo sau ɗaya kamar mai neman gida, alhali Tulizo yana buga rufin motar yana nuna masa ƙofar. A ƙarshe ya tsaya a ƙarƙashin mangwaro a gefen gidan, ya ja birkin hannu, ya bar injin yana gurnani.

An karɓe su da mutunci. Mata suka tafi da Maman Tulizo cikin gida, maza suka zauna a kujeru a inuwar rumfa. Mzee Mwaipopo dogon mutum ne, baƙi, mai furfura a gira, wanda ba ya gaggawar magana. Ya zauna a tsakiyar 'yan uwansa yana kallon baƙin ɗaya bayan ɗaya. Aka yi addu'a. Obadia ya tashi ya fara, da irin zagaye-zagayen da ake yi, cewa sun zo ne daga tudu don sun ji labarin wata shuka mai kyau a wannan gida.

Sai dai bayan kowace jimla, injin yana amsawa daga gindin mangwaro. Iska ta juyo da hayaƙin ta shigo da shi rumfa. Wani tsoho daga dangin amarya ya yi tari. Obadia ya ɗaga murya, injin bai rage tasa ba.

Mwaipopo ya ɗaga hannu. Obadia ya tsaya.

"Ku gafarce ni," in ji Mwaipopo. "Akwai wanda kuka bari a mota?"

"Babu, Mzee," Obadia ya ce.

"Ko akwai wani gida da za ku je bayan wannan?"

"Haba, Mzee, ina! Nan kaɗai muka nufa."

"To, ni ban gane ba. Yarinyar nan na yi shekara ashirin da wani abu ina renonta. Na ce a yanka akuya, na kira ƙannena daga nesa, na ce yau babu mai zuwa gona. Ku kuma kun zo kun bar mota a kunne, kamar masu sayen tumatir a bakin hanya. In sauri kuke yi, ba komai, ku tafi. Ku dawo ranar da kuka sami lokaci, in yarinyar tana nan."

Rumfar ta yi tsit, ban da injin. Zabron ya dubi ɗansa. Tulizo yana zaune can gefe a kan benci, kansa a ƙasa, ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu, gumi yana bin wuyan sabuwar rigarsa.

Zabron ya tashi. Ya ce, "Mzee, laifina ne. Ba mu da wurin zuwa sai nan."

Ya fita zuwa gindin mangwaro. Ya sa hannu ta taga ya kama makulli, ya tsaya. Ya sake duban gabas da yamma, ko Allah zai sa ido ya tsallake wani abu. Fili ne, kaji suna kiwo a kai. Ya ga samarin gidan a bakin katanga, ƙarfafa, masu ɗaukar buhu, irin waɗanda za su tura mota suna dariya su kuma ba da labarin har jikokinsu. Ya murɗa makullin baya. Injin ya girgiza sau ɗaya ya yi shiru, sai ga kukan tsuntsaye a cikin gona ya fito.

Ya koma ya zauna, ya ajiye makullin a kan tebur, a gaban kowa.

"Yanzu muna jin juna," in ji Mwaipopo. "Ci gaba, dattijo. Wace shuka ce kuka ce?"

Zaman ya yi tsawo, yadda ya kamata ya yi. Aka baje barguna aka shafa, wata gwaggo ta fito ta ce atamfarta ba ta kai ta 'yar uwarta haske ba, aka lallashe ta. Aka kira Sekela, ta fito a lulluɓe, aka tambaye ta ko ta san mutanen nan, ta ce ta san ɗaya. Mwaipopo ya yi wa Zabron tambayoyi a kan dankali da sanyi da yadda yake da maƙwabtansa, Zabron ya amsa a taƙaice. Daga nan tsohon ya sa hannu ya karɓi fartanyar, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Aka kawo shinkafa mai ƙanshi da naman akuya da ayaba dafaffiya. Kowa ya ci ya yaba. Zabron ma ya ci, amma bai san ɗanɗanon abin da ya ci ba.

Da rana ta yi sanyi aka tashi. A can ba a sallamar baƙo daga kujera. Gidan gaba ɗaya ya fito rakiya, maza da mata da maƙwabta, suka kewaye motar, aka ɗora musu buhun shinkafa a baya. Maman Tulizo ta shiga ta zauna, ta gyara ɗankwalinta, ta ce ƙasa-ƙasa, "To, Baban Tulizo, ga masu sauraro sun taru."

Ya murɗa. Tak. Ya sake. Wannan karon ko tak ɗin ma da ƙyar.

"Kai, samari!" wani ya yi kira. "Ku zo ku ba surukinmu hannu!" Samarin suka taho suna naɗe hannun riga.

Zabron ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya tsaya a gaban Mwaipopo, ya cire hula. "Mzee, batirin ya mutu tun Igawa. Shi ya sa na bar ta a kunne. Ba raini ba ne."

Mwaipopo ya ɗaga girarsa mai furfura. "Ka san ba za ta tashi ba?"

"Na sani."

"Ka kuma je ka kashe?"

"Maganar yaro ta fi mota."

Obadia, wanda shinkafa ta ƙara sake masa harshe, ya matso. "Mzee, ba ka san abin da ya ajiye maka a kan tebur ɗin nan ba. Mutumin nan tun yana saurayi ba a taɓa tura motarsa ba. Gidansa ma don gangare ya gina shi. A sanyi batirin nan a ɗaki yake kwana, da bargonsa."

"Da bargo?" Mwaipopo ya ce. Ya dubi barguna biyun da aka kawo masa, waɗanda wata mata take riƙe da su. Dariya ta taso masa daga ciki, ya yi ƙoƙarin danne ta, ta fi ƙarfinsa, har ya dafa bonet. Gidan gaba ɗaya ya ɗauka. "Shekararsa nawa?"

"Ya shiga ta shida."

"Shida! A nan zafi ba ya barin batir ya ga shekara ta uku. Ku can sanyi ne yake tona masa asiri da safe, mu nan rana ce take dafa shi a tsaye. Wannan ai dattijo ne, a bar shi ya huta." Ya juya ga samarin da suka riga suka jera hannu a bayan motar. "Ku ɗauke hannunku. Ba a gidana za a fara tura mutumin nan ba. Sekela! Ina Sekela? Ajiye kunyar nan ki fito da pawatila."

Pawatila ita ce 'yar taraktar nan mai taya biyu da dogayen hannuwa, wadda kowane gidan shinkafa yake da ita. Ta gidan Mwaipopo tana bayan rumbu da tirelarta. Sekela ta fito, ta yaye lulluɓin ta ɗaure shi a ƙugu, ta tafi wurinta ba ta kalli kowa ba. Zabron ya bi ta da ido. Ta ɗauko wani lanƙwasasshen ƙarfe ta zura a gefen injin, ta riƙe wani ɗan maɓalli da hannun hagu, ta juya da dama, a hankali, sannan da ƙarfi, ta saki. Injin ya buga baƙin hayaƙi ya kama: tuk, tuk, tuk-tuk-tuk.

"Ina batirinta?" Zabron ya tambaya.

"Ba ta da shi, Baba," in ji Sekela. Wannan ce maganarta ta farko da shi.

Zabron ya juya ya kalli Tulizo. "Kai, ka iya zaɓe."

Aka ɗaura igiya daga bayan tirelar zuwa gaban motar. Sekela ta hau ta ja, akori-kurar ta biyo ta a kan miƙaƙƙiyar hanyar da ke bin magudanar ruwa, jama'a suna biye suna tafi, yara suna gudu a gefe. Pawatila ba ta da gudu, sai da Zabron ya haƙura ya bar ta ta kai iyakar ƙarfinta. Ya ɗaga ƙafa. Motar ta yi tari, igiya ta yi sako-sako, injin ya kama. Mata suka sake guɗa, ta fi ta ɗazu ƙarfi. Mwaipopo ya iso yana haki, ya leƙo ta taga.

"Suruki, kada ka kashe ta sai ka ga tudu. Wannan karon ni na ce."

Ranar Litinin Zabron ya tsaya a gangaren bayan tasha, ya shiga shagon Kasimu. Labarin ya riga shi isa, don Obadia ba ya riƙe magana. Kasimu ya ɗauko sabon batirin da ya nuna masa, ya ɗaura, ya shafa wa kawunan man giris, ya rubuta wata da shekara a jikinsa da farin fenti.

"In ya cika uku ka kawo shi in auna. In ka ji kik ya fara nishi, kada ka jira ukun. Ka riƙa murɗa makulli ko sau ɗaya a rana, don ka ji muryarsa. Mawaƙa kuma su nemi nasu."

"Sun samu," in ji Zabron. Tsohon batirin ya kai shi coci a ranar. Yana can a bayan fiyano, an haɗa shi da ɗan faifan sola a kan rufi, yana kai su ƙarshen wa'azi in mai wa'azin bai ja ba.

A kasuwar Njombe har yau ba a gama gardamar ba. Masu dankali sun ce ja da turi duk ɗaya ne, tarihin Mzee Gangare ya ƙare a Ubaruku. Masu fiya sun ce a'a, hannun mutum bai taɓa motar ba. Shi Zabron in an tambaye shi cewa yake surukarsa ce ta yi masa rakiya, kuma ba kowa ke samun irin wannan ba.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Zabron ya koma Ubaruku ɗaukar amarya, ya tsaya a ƙarƙashin mangwaron nan, ya kashe mota tun kafin kowa ya fito. Da aka tashi tafiya ya murɗa, ta tashi bugu ɗaya. Sai a lokacin ya lura da pawatila a gefen katanga, an fito da ita, igiya a naɗe a kan tirela. Mwaipopo ya ga inda yake kallo, ya ce shanya igiyar kawai ake yi.

Da suka iso Ihanga da yamma, ya haura har ƙofar gida, ya juya motar, ya sa hancinta yana kallon gada. Ya sauka ya ɗauko dutsensa ya sa a gaban taya.

"Baban Tulizo," in ji matarsa, "sabon batir fa ke ciki."

"Na sani," ya ce, yana gyara dutsen da ƙafa. "Shi ma zai tsufa."